Likita na Auna Jini, Wa Ke Tambayar Zuciya?

Kwanakin baya muna hira da wani abokina ma'aikacin lafiya, wanda ya daɗe a sashen masu ɗauke da cutar HIV. Zance ya biyo ta kan Amurka, inda wasu asibitoci, musamman a Atlanta da sauran biranen kudu, ke ƙoƙarin ajiye masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin karɓar maganin HIV, saboda samari baƙaƙen fata masu neman maza 'yan'uwansu. Sai ya ja tsaki. Wai wannan shagwaɓa ce ta waɗanda suka ƙoshi: mutum ya ɗebo wa kansa cuta, an ba shi magani, sannan kuma a ɗauko wani a riƙa biyansa albashi don ya zauna yana lallashinsa ya sha?

Da a teburin mai shayi na ji wannan magana, da ta bi iska. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai maganar ya fi ni sanin yadda marasa lafiya ke ɓacewa. Shi ke kiran lambar da ba a ɗauka. Shi ke bin adireshi a ce masa babu mai wannan suna a gidan. Ya san ƙwaya ba ta shan kanta.

Ga matsayina tun kafin a yi nisa. Duk asibitin da ke ba da maganin HIV, wajibi ne kula da ciwon damuwa da fargaba da shaye-shaye ya zama cikin aikinsa, a gini ɗaya, a rana ɗaya, ba tare da an tura mutum wata unguwa ba. Samarin nan na Amurka kuwa su ne suka fi kowa nuna dalilin haka, domin a kansu ne nauyin ya fi taruwa.

Na san abin da mafi yawan masu karanta wannan ke riƙe da shi game da neman jinsi, kuma na san hukuncin da malamanmu da limaman coci ke karantarwa. Ban zo sauya wa kowa aƙida ba. Maganata a kan marar lafiya take, wanda ya riga ya shigo asibiti yana zaune a kan benci da katinsa a hannu.

Yadda lamarin yake

Baƙaƙen fata kimanin kashi 13 cikin 100 ne na mutanen Amurka, amma sun haura ɗaya bisa uku na sababbin waɗanda ake samu da HIV kowace shekara. Kusan rabin sababbin kamuwa a jihohin kudu ne, irin su Jojiya da Fulorida da Teksas da Misisipi. A shekarar 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta fitar da lissafin da ya girgiza mutane: idan aka ci gaba a yadda ake, ɗaya cikin kowane baƙar fata biyu masu neman maza zai kamu da HIV a rayuwarsa. A cikin fararen fata masu irin wannan rayuwa, ɗaya ne cikin 11.

Wani bincike na Jami'ar Emory a Atlanta ya gwada maza masu neman maza a birnin, ya samu cutar a jinin kashi 43 cikin 100 na baƙaƙe, da kashi 13 na farare. Gari ɗaya ne, hanya ɗaya suke bi zuwa aiki.

Magani kuma akwai shi, kuma yana aiki. Yawancin mutane ƙwaya ɗaya suke sha a rana. Wanda ya dage da sha, ƙwayar cutar za ta kwanta a jininsa har gwaji ya daina ganinta, ya yi tsawon rai kamar kowa, kuma ba zai harbi wanda yake kwanciya da shi ba. Binciken da aka kira PARTNER2, wanda aka wallafa a 2019, ya bi sawun maza kusan 800 da abokan zamansu a Turai, aka lissafa saduwa sama da sau 76,000 ba kwaroron roba, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauki cutar daga abokin zamansa da ke kan magani ba. Saboda haka tambayar yau ba ta magani ba ce. Tambayar ita ce me ke hana saurayi ɗan shekara 22 haɗiyar ƙwayar da ke cikin aljihunsa.

"Ai su suka jawo wa kansu"

Wannan ita ce magana ta farko da ake ji, kuma a kan zato aka gina ta: tunda cutar ta fi yawa a cikinsu, to sun fi kowa rashin kamun kai. An bincika wannan zato. Gregorio Millett, wanda ya yi aiki a CDC da kuma fadar White House, ya tattara bincike kusan 200 shi da abokan aikinsa, suka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2012. Baƙaƙen ba su fi fararen yawan abokan kwanciya ba, ba su fi su shan ƙwayoyi ba, ba su fi su watsi da kwaroron roba ba. Inda suka bambanta shi ne talauci, rashin aiki, zaman gidan yari, rashin inshorar lafiya, jinkirin gano cutar, da rashin hawa kan magani. Ga shi kuma yawanci a tsakaninsu suke hulɗa, cikin da'ira ƙarama wadda cutar ta riga ta yi yawa a cikinta. Kuskure ɗaya a wannan da'ira ya fi kuskure goma tsada a wata.

Amma a ce ma zaton gaskiya ne. Tun yaushe asibiti ya zama kotu? Ɗan acaɓan da ya yi ganganci ya karye, ɗori ake masa. Wanda ya shekara talatin yana busa sigari huhunsa ya lalace, ba a kore shi daga ƙofa. Ba mu taɓa cewa nas ta tambayi tarihin zunubin mutum kafin ta sa masa ƙarin ruwa ba. A hadisi ingantacce an gafarta wa karuwa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa. Ban ga ta inda mai wannan addini zai ga asara a ceton ran ɗan Adam ba.

Abin da damuwa ke yi wa magani

A nan nake so a tsaya a duba da kyau, domin nan ne abokina da ire-irensa ke kuskure. Suna ɗaukar ciwon damuwa a matsayin ɓacin rai, irin wanda ake yi da safe a huce da yamma. Ba haka yake ba. Ciwo ne da ke cinye kuzari da barci da cin abinci da tunani, ya bar mutum kwance a ɗaki har la'asar, wanka ma ya gagare shi. Yana shafe lissafin gobe daga kan mutum. Maganin HIV kuwa gaba ɗayansa lissafin gobe ne: ka sha yau, alhali ba abin da ke maka ciwo, domin ka rayu shekara arba'in masu zuwa. Wanda ya daina ganin amfanin kai wa shekara arba'in, da me za ka ja hankalinsa?

An daɗe da tabbatar da cewa masu ɗauke da HIV sun ninka sauran mutane kamuwa da ciwon damuwa, kuma masu damuwar sun fi tsallake magani da ranar ganin likita.

Yanzu a ɗora wannan a kan saurayin da muke magana. Yana zaune a gidan mahaifiyarsa ko kakarsa, matar da ba ta fashin coci ranar Lahadi. Ba ta san yana neman maza ba, balle ta san yana da HIV. Kwalbar maganin tana ƙara idan an girgiza ta, don haka ya juye ƙwayoyin a kwalbar bitamin, ko ya cusa su cikin safa a ƙasan akwati. Idan ya kwana a gidan aboki, ba ya tafiya da su, kada a gani. Dokar Amurka ta ba yaro damar zama a kan inshorar iyayensa har ya kai shekara 26, wanda alheri ne, amma kamfanin inshora kan aika wa mai inshorar takardar bayanin abin da aka biya. Saurayi na iya guje wa asibiti saboda wannan ambulan kaɗai.

Kowace safiya, ƙwayar nan tana tuna masa abin da yake ƙoƙarin mantawa. A waje kuma ga ɗan sanda da ke kallonsa a matsayin abin zargi saboda launin fatarsa. A cikin unguwa ga 'yan'uwansa baƙaƙe da ke masa kallon wanda ya zubar da mazantaka. A cikin masu neman jinsi farare, ga wariyar launi. A cikin masu neman jinsi baƙaƙe ma, ga gulmar wane yana da cutar. Ƙofa huɗu, kowacce a rufe rabi. Wasu iyayen idan suka gano sai su kore shi, kuma wanda ba shi da wurin kwana ba ya tunanin ƙarfe nawa ne lokacin shan magani. Wasu sai su faɗa shan ƙwaya mai sa maye don su samu barci ko su manta.

Sai ranar asibiti ta zo. Likita na da minti goma sha biyar. Ya dubi kwamfuta, ya ga yawan ƙwayar cutar a jini ya tashi daga inda ba a ganinta zuwa dubbai. Ya ce, "Kana shan maganinka kuwa?" Saurayin ya ce, "Ina sha, wani lokaci dai nakan manta." Likita ya yi masa nasiha, ya ba shi shawarar sa ƙararrawa a waya, ya rubuta ranar dawowa. Ba wanda ya tambaye shi yaushe rabonsa da barcin kirki, ko a ina ya kwana jiya, ko ya taɓa jin gara ya mutu.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan ɗaki karin maganar ba ta ci. Yaron da ya tashi yana ɓoye kansa tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya ƙware wajen gyara fuska. Zai shigo da askinsa tsaf, takalmi fes, yana murmushi. Sai an tambaye shi da baki, kuma sai mai tambayar ya kasance wanda ya yarda da shi.

Akwai ma dalili na magani zalla. Efavirenz, maganin HIV da aka daɗe ana bayarwa har a Najeriya, yakan jawo mugayen mafarkai da jiri da dagulewar tunani. Dolutegravir da ya maye gurbinsa ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, amma yakan hana wasu barci. Likitan da ba ya tambayar halin ƙwaƙwalwa ba zai san ƙwayar da shi da kansa ya rubuta tana cikin abin da ke damun marar lafiyarsa ba.

"To a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa mana"

Wannan ta fi ta farko ma'ana, kuma ita ce aka daɗe ana yi. A rubuta takarda, a ce je ka wuri kaza. Matsalar ita ce takardar a aljihu take mutuwa.

Ka duba abin da ake nema daga mutumin da tashi daga gado ke masa wuya. Ya kira waya, ya jira makonni ko watanni kafin a ba shi rana. Ya nemi izini a wurin aikin da ake biyansa da awa, wanda idan bai zo ba babu kuɗi. Ya hau bas biyu a garin da aka tsara don masu mota. Sannan ya zauna gaban baƙon da bai taɓa gani ba, ya sake kwance sirrinsa daga farko: ni baƙar fata ne, ina neman maza, ina da HIV, kuma yanzu ga shi ana cewa kaina ma ba daidai yake ba. Da wuya kuma baƙon nan ya yi kama da shi, domin baƙaƙen fata ba su wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na masana halayyar ɗan Adam da likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka ba.

Rashin yarda da asibiti a wurin baƙaƙen Amurka ba camfi ba ne. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin tarayya ta bi sawun maza baƙaƙe kimanin 600 a Tuskegee ta jihar Alabama, kusan 400 daga cikinsu na da ciwon tunjere, aka ƙi yi musu magani ko bayan an samu fenisilin, don kawai a ga yadda ciwon ke cin jiki. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara. Jikokin wannan zamani ne ake ce wa su je su buɗe zuciyarsu ga wanda ba su sani ba.

Ga kuma kuɗi. Jihohi goma ne suka ƙi faɗaɗa Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, kuma yawancinsu a kudu suke, daidai inda cutar ta fi yawa. Layin gaggawa na 988, wanda aka buɗe a 2022 don masu tunanin kashe kansu, yana da sashe na musamman na matasa masu neman jinsi. Gwamnati ta rufe sashen a watan Yulin 2025.

Haɗa aikin wuri ɗaya ba wani abin al'ajabi ba ne. Kafin marar lafiya ya ga likita, ana ba shi tambayoyi tara, waɗanda ake kira PHQ-9. Ta farko: cikin mako biyun da suka wuce, sau nawa ka ji ba ka sha'awar yin komai? Ta biyu: sau nawa ka ji ranka a jagule ko ka yanke ƙauna? Ta tara tana tambaya kai tsaye ko ya yi tunanin gara ya mutu. Idan makin ya yi sama, nas ɗin da ya saba da ita ba takarda za ta ba shi ba. Za ta tashi ta raka shi ƙofa ta uku a barandar, ta ce, "Ga wance, tare muke aiki, ku ɗan gaisa." Minti biyar na gaisuwar nan shi ne bambancin wanda zai dawo da wanda ba za a sake gani ba. Wannan ma'aikaciya ita za ta riƙa kiransa, ta zauna da shi, sau ɗaya a mako kuma ta bi sunayen mutanenta ɗaya bayan ɗaya tare da likitan ƙwaƙwalwa, ko da ta waya ne. Idan ana buƙatar maganin damuwa, likitan HIV ɗin ne zai rubuta. Wanda ya gan shi a layi ba zai san wane ɗaki ya zo ba.

Inda aka fi dacewa shi ne inda aka ɗauki wasu samarin irinsa, masu ɗauke da cutar da suka daɗe a kan magani, aka horar da su suka zama masu rakiya. Abin da saurayi ba zai faɗa wa likita ba, zai faɗa wa wanda ya taɓa ɓoye ƙwaya a safa.

Amurka ma tana da hujja a gida. Shirin Ryan White, wanda aka kafa a 1990 da sunan wani yaro ɗan jihar Indiyana da ya ɗauki cutar ta hanyar maganin jini aka kuma hana shi shiga makaranta, yana kula da mutum sama da rabin miliyan. Ba ƙwaya kaɗai yake biya ba, har da kula da ƙwaƙwalwa, da maganin shaye-shaye, da kuɗin mota, da taimakon wurin kwana. Kimanin kashi 90 cikin 100 na masu karɓar magani ta wannan shiri cutar ta kwanta a jininsu, alhali a ƙasar baki ɗaya kimanin biyu bisa uku ne. Kuma waɗannan su ne mafi talauci. Ko a cikin shirin, samari baƙaƙen fata na bayan sauran, wanda ke nuna akwai sauran aiki a kansu musamman.

Wani zai ce ai yanzu akwai allura, tun 2021, wadda ake yi duk wata ko duk bayan wata biyu, ba sai an sha ƙwaya kullum ba. Gaskiya ne, kuma ta sauƙaƙa wa mutane da yawa. Amma allurar ma sai an kai jiki asibiti a kan lokaci, kuma wanda ya yi fashi yana iya sa cutar ta bijire wa maganin. Ƙafar da damuwa ta ɗaure ba ta san bambancin ƙwaya da allura ba.

"Addu'a ta isa"

Ana faɗin wannan a cocin baƙaƙen Amurka kamar yadda ake faɗinsa a masallatanmu: mumini ba ya damuwa, ka ƙara kusantar Ubangiji. Ni ma na yarda addu'a makami ce. Sai dai Annabi (SAW) ya ce a nemi magani, kuma Nana A'isha takan umarci a dama wa marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa talbina, kunun sha'ir, saboda ta ji ya ce tana sanyaya zuciyar marar lafiya tana rage baƙin ciki. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malami Abu Zaid al-Balkhi ya riga ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana buƙatar magani na jiki. Ba Bature ne ya fara wannan zance ba.

Kuma ga saurayin nan akwai ƙarin ƙulli: wurin ibadar da ake ce masa ya je ya samu sauƙi, sau da yawa daga mumbarinsa ne ya fara jin cewa shi abin ƙyama ne. Da yawansu ba su bar imani ba. Suna addu'a cikin dare su kaɗai. Mai ba da shawara nagari ba ya raba mutum da addininsa, yana taimaka masa ne ya rayu har ya samu damar daidaita tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Yana aiki kuwa, kuma wa zai biya?

A nan dole a faɗi gaskiya duka. Ba kowane gwaji ne ya nuna cewa da an magance damuwa sai cutar ta kwanta ba. A wani gwaji da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wanda aka wallafa a 2011, damuwar ta ragu amma shan magani bai sauya ba. Darasin da aka ɗauka shi ne a haɗa biyun a zama ɗaya: a yi maganar damuwa, a kuma yi maganar ina kwalbar take, ƙarfe nawa ake sha, me ya hana sha ranar Talata. Steven Safren da abokan aikinsa sun gwada haka a unguwar Khayelitsha ta birnin Cape Town, nas-nas ne suka gudanar da zaman, kuma damuwa ta ragu, shan magani ya ƙaru, cutar ta kwanta a jinin mutane da yawa fiye da na ɗaya rukunin. Ko da ma ba a samu hakan ba, mutumin da ya daina tunanin kashe kansa riba ce da ba ta buƙatar gwajin jini ya tabbatar da ita.

Abin da ke faranta mini rai shi ne mafi ƙarfin hujja daga Afirka ta fito. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron mutane, zama shida ga kowa. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna bayan wata shida kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin ke da alamun damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kashi 50. Kusan huɗu cikin goma na mutanen masu HIV ne. Har birnin New York ya kwaikwayi bencin. A Gulu da maƙwabtanta a arewacin Uganda, Etheldreda Nakimuli-Mpungu ta yi irin wannan da zaman rukuni guda takwas a asibitocin HIV 30, ƙananan ma'aikatan lafiya ne suka jagoranta, kuma damuwar ta kusa ɓacewa gaba ɗaya daga waɗanda suka halarta.

Idan Gulu da Harare sun iya, Atlanta ba ta da uzurin kuɗi. Kuma mai lissafin kuɗi ya lissafa kwanciya a asibiti, da magani na biyu mai tsada idan na farko ya daina aiki, da mutanen da za a harba a watannin da cutar ta farka.

Mu kuma fa?

Wariyar launi ta Amurka ba tamu ba ce, kuma ba zan yi ƙarya in ce halin ɗaya ne ba. Amma ɓoye kwalba namu ne. Muna da masu ɓare takardar jikin kwalba tun kafin su fita ƙofar asibiti, da masu juye ƙwaya a leda, da masu barin asibitin garinsu su hau mota zuwa wani gari don kada a gan su a layi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da HIV, kimanin mutum miliyan 1.9. A cikin maza masu neman maza kuwa, binciken gwamnati ya samu kusan ɗaya cikin huɗu. Suna nan a Kano da Kaduna da Abuja kamar yadda suke a Legas, ko mun faɗa ko mun yi shiru. Da yawansu suna da aure ko za su yi. Matar da aka kai ɗakinta da guɗa, lafiyarta da ta 'ya'yanta na rataye ne a kan ko mijinta yana shan magani.

A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14, da shekara 10 ga masu tallafa wa ƙungiyoyinsu. Wani bincike da ke gudana a Abuja a lokacin ya auna abin da ya biyo baya: masu tsoron zuwa asibiti a cikin mazan sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin 100. Kowa na da ra'ayinsa a kan dokar. Amma ma'aikacin lafiya ya san wanda tsoro ya hana zuwa asibiti bai daina rayuwa a cikinmu ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri, mutane na gudun a gan su a ƙofarsu fiye da yadda suke gudun layin HIV. Don haka tura mutum can ya fi na Amurka zama aikin banza. Hanya ɗaya ce: masu ba da shawarar shan magani da ke zaune a asibitocin HIV tun tuni, a koya musu tambayoyin nan da abin da za su yi da amsar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da waɗanda ba ƙwararru ba tun 2008, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta buɗe ƙofar haka. Tun da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a farkon 2025, aka ga yadda PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da HIV da muka dogara da shi, zai iya girgiza dare ɗaya, kuma masu ba da shawara da masu bin sawu su ne ake fara sallama, domin ana ganin ba su ne ainihin aikin ba. Su ne ainihin aikin.

Gargaɗi biyu gare mu. Kada a fara yi wa mutane tambayar ko sun yi tunanin mutuwa alhali babu wanda zai karɓe su idan suka ce e. A fara tanadar mutumin, sannan a buga takardar. Na biyu kuma ya fi tsanani a nan fiye da Atlanta. Dokokinmu sun daɗe suna ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai ɗauri, neman jinsi ma laifi ne, a jihohin shari'a kuma hukuncin ya fi haka nauyi. Abin da saurayi ya faɗa a ɗakin shawara, idan aka rubuta shi a fayil ɗin da ke yawo daga tebur zuwa tebur, zai iya zama shaida a kansa. Horon farko da ma'aikacin zai samu shi ne na abin da ba a rubutawa, da wanda ba a faɗa wa, ko da kuwa oga ne ko ɗan'uwan marar lafiyar ya zo yana tambaya.